Kwandalolin Tukur Mai Safiya

Duk wanda ya taɓa jerawa da Yaya Tukur a titin Doha ya san abin da zan faɗa. Kuna cikin tafiya kana ba shi labari mai muhimmanci, sai ka waiga ka ga ashe kai kaɗai kake ta zuba. Yana can baya, ya tsaya gindin falwaya ko bayan wani benci, waya a hannun hagu, hannun dama yana lalube a ƙarƙashi kamar mai cire wa akuya kaska. Mutum da furfurarsa a gemu, babban ma'aikacin safiyo, wanda ake ba manyan tituna ya auna! In ka ce, "Yaya, lafiya?" sai ya ɗaga maka yatsa ko kallonka bai yi ba: "Shiru. Saura mita biyu."

Ni ce Zainab, ƙanwar matarsa Yaya Hajara. Shekara huɗu na yi a gidansu a unguwar Muntazah ina karatun digiri na uku, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Farfesa. Ƙanwar mata dai kun san tana da lasisin tsokana, kuma ban ga dalilin da zai sa in mayar da nawa don ya rasu ba. Da zai ji ina yabonsa ma, cewa zai yi a auna ni ko zazzaɓi nake.

Ga waɗanda har yau ba su gane abin da yake lalube ba, bari in yi bayani. Wai wasa ne na duniya baki ɗaya. Wasu marasa aikin yi za su sami ɗan gwangwani ko 'yar roba mai murfi, su sa takarda da tarkace a ciki, su ɓoye a wani lungu, su rubuta lambobin wurin a intanet. Sai wasu marasa aikin yin su bi lambar da waya har su gano, su rubuta sunansu a takardar, su mayar inda suka gani. Iyakarta ke nan. Ba kofi, ba kyauta, ba ko mai ce maka sannu. Ranar da ya fara gaya mana sunan wasan da Turanci, wai jiyokashin, Yaya Hajara ta ajiye ludayi ta ce, "Jiyo kashin wa?"

Daga ranar ya koma kiransa farauta. In kuwa ka kuskura ka ce babu komai a inda yake tono, amsarsa ɗaya ce, kuma kun sha jinta: "Lamba ba ta ƙarya."

Lokacin korona abin ya yi tsanani. An rufe lambuna, an rufe masallatai, kowa na ɗaki. Yaya Hajara ma'aikaciyar jinya ce, ita ba ta ga zaman gida ba, kullum tana asibiti, ta dawo da shatin takunkumi a fuska kamar an yi mata tsaga, ta shige ɗakin da ta ware wa kanta don kada ta shafa wa yara. Shi kuwa maigidan an ce ya yi aiki daga gida. Mai safiyo a falo! Ya auna falon, ya auna kicin, ya sanar da mu cewa bangon banɗaki ya karkace.

Wata rana ya ce in raka shi sayen kayan abinci. Ina ganin mun wuce kantuna uku mun nufi unguwar Ain Khaled na san an cuce ni. Ya faka jikin katangar wani rukunin gidaje, rana tsaka, zafin da ko kyanwa ba ta fitowa. Ya fita da takunkumi biyu, safar hannu, baƙin tabarau da malafa, ya durƙusa bayan akwatin wutar lantarki ya zura hannu har kafaɗa. Ku gaya mini, in ku ne masu gadin wurin, me za ku ce kun gani?

Sai ga mai gadi da sauri, dogo, baƙi, yana magana da Larabci haɗe da Turanci. Yaya Tukur bai ko ciro hannun ba, ya yi tsaki ya ce da Hausa, "Wannan kuma daga ina?"

Mutumin ya ce, "Daga Kumasi, Baba. Kai fa daga ina?"

Wallahi a cikin mota nake, amma sai da na sunkuya.

"Mi kake biɗa a nan?" in ji mai gadin.

"Ɗan'uwa, ba ni minti ɗaya. Yauwa! Alhamdu lillahi!"

Ya zaro wani ɗan gwangwani da bai fi yatsa ba, ya buɗe da rawar jiki. A ciki akwai 'yar takarda a nannaɗe da wani ɗan kada na roba, kore, ba shi da ƙafa ɗaya. Mai gadin ya dubi kadan, ya dubi furfurar Yaya, ya dubi rana, ya sake duban kadan.

"Baba, domin wannan ka fito?"

"Ƙwarai. Wata uku ina nemansa."

"To tafi gida. Khalas, shi ke nan. Ba ni kiran 'yan sanda, don ban san mi zan ce masu ba."

Malam Awudu mai gadi, na san kana cikin masu karanta wannan. Allah ya saka maka. Na kuma san daga baya ka ci tuwo a gidanmu ya fi a ƙirga, ka ji bayanin lamba har ka gode Allah.

A cikin kullen nan ne tunanin kwandala ya zo masa. Wai manyan mafarauta ba su tsaya ga nema ba, buga kwandalolinsu suke yi na musamman, kowace da lambarta. Ka sa ta a gwangwani, wanda ya tsinta ya ɗauke ta ya kai wani gwangwanin a wani gari, ya rubuta a intanet cewa ga inda ta sauka. Kai kuma kana zaune kana bin tafiyarta. Sati uku ya yi yana zane. Gefe ɗaya raƙumi, wai Qatar ke nan. Ɗaya gefen bishiyar kuka, wai Malumfashi. A kewaye kuma sunansa da sana'arsa: Tukur Mai Safiyo. Ya aika wa wata masana'anta a ƙasar waje, aka bugo guda ɗari.

Ranar da kwalin ya iso sai da ya fesa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tara mu a falo, ni da 'ya'yansa biyu, Ummi da Husna, Yaya Hajara kuma tana tsaye daga bakin ƙofar ɗakinta. Ya yi bisimilla ya buɗe. Masha Allah, suna da nauyi, suna ƙyalli. Raƙumin dai ya fi kama da zomon da ya yi ƙari a baya, amma muka yi shiru. Husna ce, da yake lokacin ta iya karatu tana ji da shi, ta ɗaga ɗaya ta karanta da ƙarfi:

"Tukur... Mai... Safiya."



Yaya Hajara ta gyara tsayuwa ta ce, "Ikon Allah. Baban Ummi, wace ce Safiya?"

"Kuskuren masana'anta ne! Yanzu zan rubuta masu, za su san da wa suke yi."

Ya rubuta masu wasiƙa mai zafi, har da maganar lauya. Suka amsa cikin ladabi, suka turo masa hoton zanen da ya aika da hannunsa. Safiya ce rangaɗaɗau, shi ya rubuta.

To a nan ne za ku san Yaya Tukur. Wani zai ce na yi kuskure. Shi sai ya shafa gemu ya ce, "Ai daidai ne. Da gangan na yi, mantawa na yi. Mai safiya, wato mai sammako. Mutumin da ke riga kowa tashi."

"Kai?" in ji Yaya Hajara. "Kai da sai na yayyafa maka ruwa kake samun asuba?"

Ga asalin sunan nan da kuke kiransa da shi, ku da kuka zo daga baya kuna zaton wata baiwar Allah ce ya bari a gida. Babu wata Safiya. Harafi ɗaya ne, da taurin kai.

Da aka buɗe gari ya shiga rabon kwandaloli. Duk jaririn da aka raɗa wa suna a cikin jama'armu a shekarar nan ya sami tasa. Wata mai jego ta jujjuya tata ta ce, "Baban Ummi, ana karɓarta a kanti?" Ya ce wannan ta fi ƙarfin kanti. Sauran ya bi gwangwanaye yana zubawa, daga bakin teku har cikin sahara. Ranar Juma'a bayan an ci abinci sai ya buɗe waya ya karanto mana labarinsu kamar 'ya'yan da suka tafi karatu.

"Lamba tara ta isa Jamus. Lamba arba'in tana Malesiya, wani likitan haƙori ne ya kai ta. Farfesa, kin ji? Ke ina kika taɓa zuwa?"

Wata Juma'a Yaya Hajara ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba, "Ƙarfe ya je Jamus. Ni shekara goma sha shida, daga asibiti sai kasuwar Abu Hamour. Ko za ka sa ni a gwangwani ne, wataƙila wani bawan Allah ya kai ni wani wuri?"

Muka yi dariya, amma ni na ga idonta. Matar nan ta gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Shi ya sa da gasar cin kofin duniya ta matso, aka ba yara hutu, gari ya cika da tutoci da baƙi, 'yan'uwan da ba su taɓa gaishe mu ba suka fara bugo waya suna tambayar girman falonmu, Yaya Tukur ya tara mu ya ce ya yanke shawara. Duniya na zuwa Doha, mu kuma za mu bar mata garin. Sati guda a Zanzibar, a otal na bakin teku, har da ni.

Yaya Hajara ta zauna a hannun kujera ta yi kuka. Wallahi kuka. Ta ce, "Baban Ummi, ashe kana ji." Ya ce, "Haba, Hajiya, ai kin cancanta." Ni kaina sai da na ji kunyar duk tsokanar da na taɓa yi masa. Na yi saurin jin kunya.

Wurin dai ba a magana. Farin yashi kamar gari, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Kowa na yawo da silifa. Yaya Tukur kuwa ya fito bakin teku da takalmin aiki mai ƙarfe a baki, da rigar nan tasa mai walƙiya ta 'yan safiyo a kan jallabiya. Wata Baturiya ta tare shi tana tambaya ko gyaran famfon ɗakinta ya zo.

Rana ta biyu da hantsi teku ta janye. A can haka take yi, ta ja baya nesa ta bar fili sai ka taka. Ya ce, "Yalla, ku taso mu miƙe ƙafa." Muka bi shi muna tsintar kwanson wuri, Yaya Hajara ta riƙe gefen abayarta tana dariya kamar yarinya. Can gabanmu akwai wani dutse a tsakiyar filin, da 'yar bishiya a kansa. Mun yi nisa sosai sai bakinsa ya suɓuce.

"Saura mita ɗari uku."

Yaya Hajara ta tsaya cak. "Mita ɗari uku zuwa ina?"

Ya fara duban sama. Ummi, da yake ba ta iya riƙe magana ba, ta ce, "Mama, lamba ashirin da uku ce. Wata takwas tana cikin gwangwani a kan dutsen can, ba wanda ya ɗauke ta. Abba ya ce in ba a zo ba tsatsa za ta yi."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ta ce, a hankali, "Au. Wato ba hutu ka kawo ni ba. Biko ka zo. Mu 'yan rakiya ne."

"Hajiya, ai abu biyu ne aka haɗa..."

"Allah ya ba da sa'a. A gaishe ta."

Ta kama hannun Husna ta juya. Daidai lokacin wata tsohuwa mai tsintar ciyawar teku ta zo wucewa da buhu a ka, tana sauri zuwa gaɓa. Ta dubi Yaya Tukur, ta nuna teku, ta nuna wuyanta. Ko kurma ya gane. Shi kuwa ya yi murmushi ya nuna mata fuskar wayarsa, wai jadawali ya ce ruwa ba zai dawo ba sai ƙarfe huɗu. Matar da ta tsufa a bakin ruwan nan yake nuna wa waya! Ta girgiza kai ta yi gaba.

Na ce, "Yaya, tsohuwar nan fa ta san abin da take faɗa."

"Farfesa, lamba ba ta ƙarya. Je ki, minti ashirin na dawo."

Kafin mu kai gaɓa ruwa ya kama idon sawunmu. Da muka waiga, filin da muka tako babu shi. Teku ce ko'ina, sai dutsen nan da wani ɗan ɗigo mai walƙiya a kansa yana ɗaga hannu. Mutumin Malumfashi, wanda ko a kududdufi bai taɓa iyo ba.

Daga nan dariya ta ƙare. Husna ta fashe da kuka. Na ruga na kira ma'aikatan otal, suka ce dutsen ba ya nutsewa duka, amma igiya na dukansa, in ya zame ba kyau, kuma jirginsu ya fita da baƙi. Aka tura neman masunta. Awa biyu da wani abu muna tsaye. Yaya Hajara ba ta zauna ba, ruwa na dukan ƙafarta, leɓenta kawai ke motsi.

Bayan azahar kwalekwalen masunta ya kawo shi, zaune a tsakiyar kifi, jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, gwiwa na jini. Wayar ta faɗa ruwa lokacin da igiya ta kwashe shi ya rungumi bishiya. Masuntan na ta dariya da yarensu suna nuna rigar walƙiyar, wai ita ta cece shi.

Ummi ta ce, "Abba, ka samo ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sami gwangwanin. Takardar ciki ta ce wani ya ɗauke ta jiya."

Na ce, "Jiya? Bayan wata takwas? Yaya, Safiya ta ji labarin zuwanka ne ta gudu."

Bai kula ni ba, yana ta gunaguni, wai ƙarfe huɗu aka rubuta, da idonsa ya gani. Na buɗe tawa wayar na duba. Ƙarfe huɗu ɗin na nan daram. Na ce, "Gaskiyarka, Yaya. Ƙarfe huɗu ruwa zai cika. A Doha."

Na zaci Yaya Hajara za ta ɗora nata. Ba ta ɗora ba. Ta durƙusa ta duba gwiwar kamar yadda take duba ta kowane majiyyaci, ta ɗaure da gyalenta, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Shekara biyu ina rufe idon mutanen da ba kowa nasu a kusa. Na zo nan in huta da ganin gawa. Shi ne ka so ka ba ni taka?"

Jama'a, na zauna da mutumin nan shekara huɗu, ban taɓa jin ya amsa laifi ba sai ranar. Can ya ce, "Hajara, na yi kuskure. Ki yafe mini." Sunanta ya kira, gatsal, a gabanmu. Ni da Ummi muka dubi juna, don ba mu san akwai waɗannan kalmomin a bakinsa ba.

Saura kwana biyar, ga shi ba waya. Washegari ya zo yana lallaɓa ni, "Farfesa, ara mini taki minti ɗaya." Na ce caji ya ƙare. Ummi ta ce tata ta ɓata. Har ma'aikacin da ke kawo mana shayi sai da Yaya Hajara ta ja masa kunne.

Da ya rasa abin yi, sai ya zauna da iyalinsa. Ya yanka wa Yaya Hajara mangwaro, ya yanka yatsa. Ya riƙe mata takalmi suna tafiya a gaɓa. Ya bari yaran suka binne shi a yashi har wuya suka ɗora masa malafa. Ya shiga wurin wankan yara da robar iyo mai kan agwagwa a ƙugu, ruwa iya cinya, yana ihu Husna ta riƙe shi. Da yamma aka kunna wasan ƙwallo a talabijin ɗin otal, ana nuna filin da shi da kansa ya auna titin zuwa wurinsa, bai ko ambata ba, yana can yana ba matarsa labarin ranar da ya fara ganinta a asibitin Malumfashi, wai ya koma sau uku da ciwon kan ƙarya. Ta ce, "Sau huɗu. Na huɗun ka ce kunne ne." Dariyar da ta yi ranar, rabon da in ji irinta tun muna gida.

Bayan ƙaramar salla ya faɗi a wurin aiki, ya idar da azahar ke nan yana naɗe darduma. Zuciya ce. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da yawanku kun sallace shi.

Kwanaki bayan an watse daga zaman makoki, muna ninke kayansa ni da Yaya Hajara, sai ta ci karo da hoton da na ɗauke shi da robar agwagwar nan. Ta daɗe tana kallo. Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Ta ce, "Zainab, shekara goma sha bakwai, kwana biyar ɗin nan ne na same shi ni kaɗai. Da na san abin da ake buƙata ke nan, da tun a Muntazah na tsoma wayar nan a bokiti."

Allah ya jiƙan Yaya Tukur. Ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya amsa da waɗanda ya ce da gangan ya yi. Ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Ya raya Ummi da Husna, ya shirya su. Ya riƙe zuciyar Yaya Hajara, ya haɗa su a inda ba a rabuwa. Amin.